Nawa Ake Kashewa Kafin a Kai Kuka Sakatariya?

Tun ranar 11 ga Yulin 2024, da Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomin Najeriya 774 kuɗinsu kai tsaye, ba sai sun bi ta asusun haɗin gwiwa da ke hannun gwamnoni ba, hira ɗaya ake yi a kan ƙaramar hukuma: yaushe kuɗin za su fara sauka, kuma wa ya tare su a hanya. Hukuncin, wanda Mai Shari'a Emmanuel Agim ya karanta, ya kuma haramta naɗa kantomomi a kujerar zaɓaɓɓun shugabanni. Hukunci ne mai kyau, ina kuma cikin masu son a aiwatar da shi har ƙarshe. Sai dai ban yarda da masu cewa da zarar kuɗin sun sauka talaka ya huta ba. Kuɗin da ake ta ja-in-ja a kansu na sama ne, wato kashi 20.6 cikin 100 na asusun tarayya. Akwai wasu kuɗin da ƙaramar hukuma ke karɓa daga ƙasa, daga hannun mai baro da mai rumfa da mahauci da mai shayi, naira ɗari nan, ɗari biyar can, kowace ranar kasuwa. A kan waɗannan ne talaka ke haɗuwa da hukumarsa ido da ido. A nan ne kuma, in an cuce shi, yake gane cewa kai kuka ya fi abin da aka ƙwace masa tsada.

Ba karɓar kuɗin nake ja da ita ba. Kasuwa tana buƙatar shara, mahauta tana buƙatar ruwa, tasha tana buƙatar banɗaki da fitila, kuma babu ɗayansu da ke zuwa kyauta. Jadawali na Huɗu na tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma kula da kasuwanni da tashoshin mota da mahauta da maƙabartu da magudanan ruwa da kwashe shara, ya ba ta ikon ba da lasisin keke da baro da amalanke da kwalekwale, da rajistar haihuwa da mutuwa da aure, da sa ido a kan shaguna da gidajen abinci da gidajen burodi da allunan talla. A 1998 gwamnatin soja ta fitar da doka mai lamba 21, wadda ta jera kuɗaɗen da kowane matakin gwamnati zai iya karɓa, ta ware wa ƙaramar hukuma guda 20. Dokar ta hana kowa karɓar haraji in ba hukumar da aka ɗora wa aikin ba, ta hana kafa shinge a kan hanya don karɓar kuɗi, ta yanka wa wanda ya saɓa tarar naira 50,000 ko ɗaurin shekara 3, ko duka biyun.

Duk direban da ya taɓa ɗauko shanu daga Potiskum ko Maigatari ya nufi Legas ya san yadda wannan hani ya kwana. Igiya a gicciye, ko katako mai ƙusoshi, matasa sanye da riga mai ɗorawa, kowa da ɗan littafin tikitinsa, kowace iyaka da nata. A 2020 Kotun Ɗaukaka Ƙara, a shari'ar ƙaramar hukumar Uyo da gwamnatin Akwa Ibom, ta ce ita kanta dokar ta 1998 ta ci karo da tsarin mulki. Taiwo Oyedele, wanda ya jagoranci kwamitin gyaran haraji da aka kafa a 2023, ya sha bayyana cewa harajin da ke rubuce a dokokin ƙasar ya haura 60, wanda ake karɓa ba bisa doka ba kuwa ya haura 200. In manyan lauyoyi suna gardama a gaban alƙalai a kan wane kuɗi ne halas ga wace hukuma, ta ina mai tura baro zai san abin da yake kansa da wanda ba ya kansa? Wannan ita ce asara ta farko a lissafin, kuma ita ke haifar da sauran. Mutumin da bai san farashi ba, ba shi da bakin cewa an yi masa ƙari.

A ɗauki mai sayar da kayan gwari a baro, a wata kasuwar mako ta karkara. Da sassafe ya yanki tikiti a bakin ƙofa, ya soke shi a bakin hularsa. Wajen hantsi wasu mutum biyu suka tsaya a kansa.

"Malam, ina tikitinka?"

"Ga shi nan, ranka ya daɗe, tun da safe na yanka."

"Wannan na ƙasa ne. Na baro fa? Kuma nan da ka tsaya ka tare hanya."

Kafin ya gama rantsuwa an kama hannun baron an yi ofishin kasuwa da shi, da tumatir da tattasai da attaruhu a ciki. A ce tarar da aka yanka masa naira 3,000 ce. Takardar da za a ba shi in ya biya, in ma an ba shi, ba ta da lamba, ba ta da hatimi, wani lokaci ma babu sunan ƙaramar hukumar a kanta. A ce kuma mutumin nan yana da gaskiya, ya kuma yi zuciya ya ce ba zai biya ba sai ya ga na gaba.

Na gaban yana sakatariya, sakatariya kuwa tana hedikwatar ƙaramar hukuma. A birni wannan kuɗin adaidaita ne. A ƙananan hukumomi masu faɗin ƙasa irin su Toro a Bauchi, ko Borgu a Neja, ko Birnin Gwari a Kaduna, tafiya ce ta yini, a kan hanyar da wani lokaci sai an yi shahada ake bin ta. Tun da aka janye tallafin fetur a ƙarshen Mayun 2023, kuɗin mota zuwa da dawowa kaɗai yana iya cinye rabin tarar ko ya fi. Ranar da zai tafi ba zai yi ciniki ba, kuma mai baro ba shi da albashi, abin da ya samu yau shi ne cefanen yau. In ya isa za a ce masa ba a karɓar ƙorafi da baki, sai a rubuce, da Turanci, da sunan shugaban ƙaramar hukuma. Sai ya nemi mai kwamfuta a bakin ƙofa ya buga masa, ya yi hoton takardar, ya sayi ambulan. Sannan ya zauna a kan benci a baranda yana kallon ƙofofi masu kwaɗo. Masinja zai gaya masa gaskiya: "Baba, yallaɓai bai shigo ba. Ciyaman kuma yana birni wajen taro. Ka dawo ranar Litinin." Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa da yawa daga manyan ma'aikatan ƙananan hukumomin karkara a babban birnin jiha suke zaune da iyalansu, kuma sakatariya ba ta cika sai ƙarshen wata. In yana son takardarsa ta tashi daga teburin farko ta je na biyu, zai ajiye wa wani na goro.

Duk wannan lokacin tumatirinsa yana kulle a ɗaki mai rufin kwano. Kwana biyu ya ishe shi ya zama ruwa. Jarin kuwa galibi ba nasa ba ne, bashi ya ɗauko wurin dillali, da alƙawarin biya da yamma. Ko da a ce ranar Litinin ta zo, an saurare shi, an ce yana da gaskiya, abin da za a mayar masa baro ne da ƙudaje. Babu wanda zai biya shi kayan da suka ruɓe, babu wanda zai biya shi kuɗin mota. Shi ya sa ba ya zuwa. Yakan ranto 3,000 ɗin a wurin maƙwabcinsa na kasuwa, ya roƙi a rage masa, ya biya, ya ce Allah ya isa a ransa. Wannan ba wauta ba ce, ba kuma tsoro ba ne. Lissafi ya yi, kuma lissafinsa daidai ne.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda ake fassara shirun nasa. In ka tambayi jami'in kuɗin shiga zai ce maka, da gaskiyarsa, ba su samu ƙorafi ko ɗaya daga wannan kasuwa ba. A takarda kasuwar lafiya lau take. Tsadar kai kuka ta tace masu kukan tun daga gida, sai mai mota da mai uwa a gindin murhu kaɗai suke isa, su kuwa ba su ne ake ja wa baro ba.

Halin mata ya fi wannan muni. Sana'ar matan aure da yawa a ƙasar Hausa daga cikin gida ake yin ta: ƙosai, awara, ɗanwake, ƙuli-ƙuli, man gyaɗa. Yara ne ke fita da tallan. Ranar da aka ƙwace farantin yarinya saboda ta tsaya inda aka hana, ko aka kifar da shi a guje-guje, mai jarin tana cikin gida. Ba ta ga wanda ya karɓa ba, ba ta san ko ma'aikacin hukuma ne ko ɗan ƙungiya ko ɗan zaman kashe wando ba. Kafin kukanta ya kai ko'ina sai ta samu miji ko wa ko ƙane da zai bar nasa aikin ya je, a kan kuɗin da shi yake gani bai taka kara ya karya ba, alhali ita shi ne zubin adashinta na mako. Ban taɓa jin sakatariyar da ta tanadi wata hanya domin irin wannan mata ba.

Akwai kuma kuɗin da ba a biyan sa a ranar, sai daga baya. Wanda ka kai ƙararsa gobe shi ne zai tsaya a kanka da littafin tikiti. Takardar koken da aka buga da sunanka da lambar wayarka, in ta yi tafiya, teburin shugaban sashen kuɗin shiga za ta sauka, wato ubangidan wanda ake ƙara, shi kuma zai kira yaronsa ya nuna masa. An ba kura ajiyar nama ke nan. Rumfar da kake ciki ta hukuma ce, haya kake yi, kuma ranar da za a sake rabon rumfuna ko a ce za a gyara layi, ana tuna wanda ya cika baki. Ɗan kasuwa ya san haka sarai.

Su wane ne ma masu karɓar? A wurare da yawa ba ma'aikatan hukuma ba ne. Kasuwa ko tasha ko kara akan ba wani ɗan kwangila, sau da yawa wanda ya yi wa jam'iyya wahala lokacin zaɓe, a yanka masa abin da zai riƙa kawowa duk mako ko duk wata. Abin da ya tara sama da haka nasa ne. Shi kuma ya ɗebi matasa ya raba musu littattafai, ya yanka musu nasu adadin. Ba na ɗora wa yaran nan laifin duka. Yawancinsu ba su da albashi, daga abin da suka tatsa suke ci, kuma wanda ya dawo da yamma bai cika ba gobe an karɓe littafin an ba wani. Amma a duba abin da wannan tsari ke yi wa ƙorafi. Hukuma za ta ce ba ma'aikacinta ba ne, a je wurin ɗan kwangila. Ɗan kwangila zai ce hukuma ce ta sa shi. Duk sassaucin da aka yi wa mai baro daga aljihun wani yake fita, saboda haka babu mai sha'awar a gano cewa an yi kuskure.

A ƙa'ida, wanda ya kamata ya tsaya wa mai baro shi ne kansilan mazaɓarsa. Majalisar kansiloli ce ke zartar da ƙananan dokokin da ake kafa hujja da su wajen yanka kuɗi da tara, ita ya kamata ta tambayi dalilin ƙari, ta kira jami'i ya yi bayani. Kansila ɗan unguwa ne, an san gidansu, ana haɗuwa da shi a masallaci. To amma wa ya ba shi kujerar? A zaɓen ƙananan hukumomin Kano na Janairun 2021, APC mai mulki a lokacin ta lashe kujerun shugabanni 44 da na kansiloli 484 gaba ɗaya. A na Oktoban 2024, NNPP mai mulki a lokacin ta lashe 44 da 484 ɗin nan gaba ɗaya. Ba halin Kano kaɗai ba ne, kusan kowace jiha haka sakamakon yake fitowa, ko wace jam'iyya ce a gidan gwamnati. Gabanin zaɓen na 2024 hukumar zaɓen jihar Kano ta fara sanya naira miliyan 10 a matsayin kuɗin takarar ciyaman, miliyan 5 na kansila, har sai da magana ta kai kotu. Mutumin da ya san ba ƙuri'ar 'yan kasuwa ce ta kawo shi ba, ya kuma shigo da bashi a wuyansa, zai saurari kuka ne in ya ga dama, don kirkinsa. Akwai masu kirkin, na sani. Amma haƙƙin jama'a bai kamata ya rataya a kan halin mutum ɗaya ba.

Hanyar da ta fi aiki a zahiri ita ce ta gargajiya: sarkin kasuwa, sarkin pawa, shugaban ƙungiya, mai unguwa, dagaci, har zuwa hakimi. Tana da sauri, da Hausa ake yin ta, kuma ba a buƙatar ambulan. Sau da yawa dattijo ɗaya zai taka zuwa ofishin kasuwa ya ce, "Ku yi haƙuri ku sakar masa, yaron kirki ne," a saki baro kafin azahar. Ban raina wannan ba, ta ceci jarin mutane da yawa. Amma roƙo ne. An saki kayan don darajar mai roƙon, ba don an yarda ba a yi daidai ba. Ba a rubuta komai ba, ba a gyara komai ba, mako mai zuwa wani za a kama a daidai wurin. Wanda aka roƙar wa ya ɗauki bashin alheri, zai kai gaisuwa. Baƙo kuwa, ko ɗan ci-rani, ko wanda ba ya ga-maciji da shugaban ƙungiya, ba shi da mai taka masa. Tun gyaran 1976, da aka rushe tsarin En'e aka kafa ƙananan hukumomi 301, hakimi ba shi da ikon ba jami'in ƙaramar hukuma umarni, sai dai ya ba da baki.

Sama da sakatariya akwai ƙofofi, kuma kowace da kuɗin shigarta. Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a ta ƙasa, wadda gwamnatin Murtala Muhammad ta kafa a 1975, tana da hurumin binciken ƙananan hukumomi, kuma ba ta karɓar ko kwabo. Sai dai dokarta ta ce mai ƙorafi ya fara bin hanyoyin da ake da su tukuna, ya kuma kawo kukansa cikin wata 12, kuma a ƙarshe shawara take bayarwa, ba hukunci ba. Babban ofishinta na jiha yana birni. Kano tana da tata hukumar ta karɓar ƙorafi da yaƙi da cin hanci tun zamanin Malam Ibrahim Shekarau, ta kuma raba rigingimu masu yawa, amma mutumin Doguwa ko Tudun Wada ba zai hau mota zuwa Kano a kan naira 3,000 ba. Kotu fa? Dokar kare ma'aikatan gwamnati ta ba wanda zai yi ƙarar jami'i wata 3 kacal daga ranar da abin ya faru, dokokin ƙananan hukumomi na jihohi da dama kuma sun wajabta a ba hukuma sanarwa a rubuce kafin a shigar da ita ƙara. Kuɗin zuwan lauya zama ɗaya ya ninka tarar sau da yawa. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ce a amsa wa mai tambaya cikin kwana 7, amma in an yi banza da shi, maganinsa kotu ne, an koma gidan jiya. Waɗannan ƙofofi suna amfanar mai gidan mai da mai otal da kamfanin sadarwa da aka aiko wa takardar harajin gini ta miliyoyi. Su suna da lauya, kuma adadin ya kai a yi shari'a a kansa. Ƙananan kuɗi, waɗanda su ne suka fi yawa kuma suka fi ciwo, ba su da alƙali.

Da ƙofar ofis ta gagara, mutane sun samo wasu. Ɗaya rediyo ce. Shirin Inda Ranka na Freedom Radio a Kano, da Brekete Family na Ahmed Isah a Abuja, sun zama wuraren da talaka ke kai kukan da ya kamata a ce wani tebur a sakatariya ya share. Jami'in da ya yi wata uku ba a same shi a ofis ba, in aka ambaci sashensa a rediyo da dare, da safe yakan kira da kansa. Ɗayar kuma yajin aiki ce. A Fabrairun 2021 masu adaidaita sahu a Kano sun ajiye aiki a kan harajin naira 100 na kullum, a Janairun 2022 suka sake ajiyewa a kan naira 8,000 na sabunta takardar izini. KAROTA, wadda suka yi rigimar da ita, hukumar jiha ce, ba ta ƙaramar hukuma ba, amma darasin ɗaya ne. Sai da ɗalibai da ma'aikata da marasa lafiya suka taka a ƙasa, kasuwanni suka yi asarar ciniki, sannan aka zauna teburin sulhu. Zaman da aka yi bayan yajin, ba abin da ya hana a yi shi kafin a sanar da kuɗin. Gari guda ya biya kuɗin sauraron da aka ƙi yi a kan lokaci. Wanda kuma ke ganin rigimar baro ƙaramar magana ce, ya tuna Muhammad Bu'azizi na garin Sidi Buzid a Tunisiya. Ma'aikatan hukumar gari ne suka ƙwace masa kayan sana'a ranar 17 ga Disamban 2010, ya je ofishin gwamna kai kuka aka ƙi ganinsa, ya cinna wa kansa wuta. Kafin wata guda ya cika Shugaba Ben Ali ya bar ƙasar.

Ita kanta ƙaramar hukumar tana asara, ko da ba ta lissafa. Ƙorafi labari ne da ake kawo mata kyauta: wane ne ke buga tikitin bogi, a wace ƙofa ake karɓar ɗari biyar a rubuta ɗari, wace doka ce ba ta aiki. Ciyaman da ya toshe wannan hanya ya rufe idonsa a kan ɓarayin asusunsa. Sannan mutumin da aka cuta sau ɗaya bai samu mai saurare ba, ya daina bambanta kuɗin halas da na zalunci. Duba-gari ya zo da maganar gaskiya a kan kwata ko naman da ya kwana, sai a ɗauka shi ma na goro yake nema. A kira mutane su biya kuɗin kwashe shara, su ce wanda muka biya bara ina ya tafi.

Ƙasar nan tana da dogon tarihi da wannan ciwo. Cikin abubuwan da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki sarakunan zamaninsa da su a Kitabul Farƙi akwai jangali da kuɗin gari da abin da ake ƙwata a hannun 'yan kasuwa da mahauta. NEPU ta su Malam Aminu Kano, tun kafuwarta a 1950, da zaluncin karɓar haraji ta ja talakawa. A 1979 Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali, kuma sun yi daidai, domin an daɗe ana wulaƙanta magidanta a kansu. Amma akwai abin da ya biyo baya wanda ba a cika faɗa ba. Ƙaramar hukuma ta koma rayuwa a kan kason wata-wata daga asusun tarayya, ba ta buƙatar yardar mazaunanta don ta biya albashi. Ɗan abin da ya rage tana karɓa a gida ya zama na sallamar magoya baya, ya kuma faɗa a kan waɗanda ake iya kamawa da hannu, masu baro da masu faranti, ba masu manyan gidaje ba. Hukuncin Kotun Ƙoli, in an aiwatar da shi, zai ƙara yawan kuɗin da ke zuwa daga sama. Ban ga ta inda zai sa ciyaman ya ƙara buƙatar mai baro ba.

Haka nake kallon sauran magungunan da ake tallatawa. Sababbin dokokin haraji da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2025 sun tanadi ofishin mai sauraron koken masu biyan haraji. Abu ne mai kyau, amma ko da ya buɗe reshe a kowane babban birnin jiha, nisan da ya hana mutum zuwa sakatariyar garinsu bai ragu ba. Biyan kuɗi ta POS ko ta waya yana iya rage satar da ake yi wa asusun hukuma, amma na'ura ba ta raba gardamar ko mutum ya tare hanya ko bai tare ba. Akwatin ƙorafi da ake kafewa a bangon sakatariya kuwa, ga wanda ya iya rubutu ne, ya kuma riga ya biya kuɗin motar zuwa, makullinsa kuma yana hannun waɗanda ake ƙara. Duk gyaran da bai sa kai kuka ya fi tarar araha ba, ba zai canza lissafin mai baro ba.

Abin da zai canza shi ba ya buƙatar jiran Abuja. A kafa allo a ƙofar kowace kasuwa da tasha da kara, da boko da ajami, a rubuta kowane kuɗi da adadinsa da tarar kowane laifi, a kuma sanar a rediyo cewa abin da ba ya kan allon ba a biyan sa. Kowane rasit ya zo da lamba da hatimi, mai karɓa ya rataya katin shaida. A daina kulle kayan da ke lalacewa: a rubuta sunan mutum, a bar shi ya sayar, a yi maganar daga baya. Mai sauraron ƙorafi ya zo kasuwa ranar da take ci, ya zauna a inuwa da littafi, ya karɓi magana da baki, ta namiji da ta mace da ta yaron da aka aiko, ya ba kowa lamba da ranar amsa, kuma kada ya kasance ɗan sashen kuɗin shiga. Kafin a ƙara ko sisi a kan wani kuɗi, a kira masu biyan a gaya musu dalili. In an gano an karɓa ba daidai ba, a mayar a gaban mutane.

Duk wannan bai kai kuɗin tayoyin motar ciyaman ba. Shugabannin ƙananan hukumomi da ke neman mu taya su ƙwato 'yancinsu daga hannun gwamnoni, muna tare da ku a kan wannan. Ku fara kafa mana allon farashi a ƙofar kasuwa kafin kason wata mai zuwa ya sauka.